Sanyin hunturu a Amurka: Yadda fashewar bututun gidaje ke hana birane ruwa

Duk lokacin da masu hasashen yanayi a kudancin Amurka suka yi gargaɗin cewa iska mai tsananin sanyi na gangarowa daga arewa, hukumomin birane kan fitar da sanarwa kusan iri guda. Sukan ce jama'a su kula da abubuwa huɗu, wato mutane, da dabbobin gida, da shuke-shuke, da kuma bututun ruwa.

Na ƙarshen nan shi ne aka fi yi wa riƙon sakainar kashi, alhali kuwa shi ne ya fi jawo wa magidanta asarar dukiya. Abin da ya faru a jihar Texas cikin watan Fabrairun 2021 ya nuna cewa ɓarnar ba ta tsayawa a cikin gida. Idan bututai suka fashe a dubban gidaje a lokaci guda, birni sukutum na iya wayar gari babu ruwan sha.

A tsakiyar wannan watan ne aka saka dukkan gundumomi 254 na jihar cikin gargaɗin guguwar hunturu, abin da ba a taɓa yi ba. Ranar 16 ga wata sanyi ya kai digiri 19 ƙasa da sifiri a ma'aunin Salshiyos a filin jirgin saman Dallas da Fort Worth. A birnin Houston da ke kusa da gaɓar teku, inda aka fi sanin zafi da gumi, kuma inda 'yan Najeriya da dama suke zaune, ya kai digiri 11 ƙasa da sifiri. A Austin, babban birnin jihar, an shafe kwanaki shida cur yanayin bai haura matakin da ruwa ke daskarewa ba.

Tashoshin samar da wutar lantarki da rijiyoyin iskar gas sun daskare ɗaya bayan ɗaya. Da misalin ƙarfe 1:25 na daren Litinin 15 ga wata, hukumar ERCOT mai kula da rarraba wuta a mafi yawan sassan jihar ta ba da umarnin a fara yanke wa jama'a wuta, domin kada tsarin ya rushe baki ɗaya. Daga baya jami'anta sun ce saura minti 4 da daƙiƙa 37 hakan ta faru.

Gidaje da wuraren kasuwanci fiye da miliyan 4.5 ne suka kasance cikin duhu. Alƙaluman hukumar lafiya ta jihar sun ce mutane 246 suka rasa rayukansu, kusan kashi biyu cikin uku saboda sanyin da ya yi musu yawa a jiki.

Hankalin duniya dai ya fi karkata ga batun wutar. To sai dai a ranar Juma'a 19 ga wata, lokacin da wuta ta dawo a mafi yawan gidaje, mutane kusan miliyan 15, wato rabin al'ummar jihar, ko dai ba su da ruwa a famfo, ko kuma an umarce su da su tafasa shi kafin su sha. An ga mutane suna narka dusar ƙanƙara a tukwane domin su sami abin kora ban-ɗaki. Wani bincike da Jami'ar Houston ta gudanar bayan lamarin ya gano cewa kusan rabin waɗanda aka tambaya sun rasa ruwan famfo, kuma a matsakaicin lissafi rashin ruwan ya fi rashin wutar daɗewa.

Me ke fasa bututun?

Duk wanda ya taɓa mance kwalbar lemo a sashen ƙanƙara na firji ya san cewa ruwa kan kumbura idan ya daskare. Girmansa kan ƙaru da kimanin kashi 9 cikin 100. Saboda haka ne mutane da yawa suke ɗaukar cewa ƙanƙarar ce ke tura bangon bututu har ya tsage a daidai inda ta taru.

Masu bincike kan gine-gine a Jami'ar Illinois, waɗanda suka yi gwaje-gwaje kan wannan batu a shekarun 1990, sun nuna cewa galibi ba haka abin yake ba. Ƙanƙara kan fara taruwa a wuri guda har ta toshe bututun, sannan ta ci gaba da yaɗuwa a tsawonsa. Ruwan da ke ɓangaren titi yana da wurin gudu, domin zai iya komawa cikin babban bututun gari. Amma wanda ya maƙale tsakanin toshiyar da famfon da ke rufe ba shi da mafita, kuma ruwa ba ya matsuwa kamar iska. Yayin da ƙanƙarar ke ƙara tura shi, matsin kan yi ta hauhawa har sai bututun ya tsage a inda ya fi rauni, sau da yawa a wurin da babu ƙanƙara ko kaɗan.

Daga nan ne shawarar nan ta barin famfo yana ɗiga ta samo ƙarfinta. Ruwan da ke tafiya ya fi wuyar daskarewa, to amma babban amfanin ɗigar shi ne tana bai wa matsin hanyar fita. Ko da bututun ya toshe, idan bakin famfon a buɗe yake, da wuya ya fashe.

Masu binciken sun kuma gano cewa a gidaje irin na kudancin ƙasar, haɗarin kan fara ne sosai idan sanyin waje ya kai kimanin digiri 7 ƙasa da sifiri, musamman idan ya ɗauki sa'o'i a haka. Iska mai kaɗawa da ke shiga ta wata 'yar kafa a bango, kamar inda aka huda domin wayar talabijin, tana iya gaggauta lamarin.

Wani abin da ke yaudarar masu gida shi ne bututun da ya tsage ba ya zubar da ruwa nan take, domin ƙanƙarar ta toshe shi. Sai gari ya fara ɗumi, mutane sun ɗauka an tsallake, sannan ruwa zai ɓalle ta cikin silin da bango. Kamfanonin inshora a Amurka kan ce tsaga mai faɗin milimita 3 kacal tana iya zubar da lita kusan 1,000 a rana guda.

Gidajen da aka gina domin zafi

Abin lura a nan shi ne wuraren da suka fi kowa sanyi ba su ne suka fi fama da wannan matsala ba. Sanyin da ya durƙusar da Texas, abu ne da mazauna jihar Minnesota ko ƙasar Kanada suke gani kusan kowace shekara, kuma famfunansu ba sa daina kawo ruwa.

Bambancin yana ga yadda aka yi ginin. A Minnesota akan binne bututun ruwa a zurfin mita 2 ko fiye, ƙasa da inda sanyi ke iya ratsawa. Yawancin gidaje suna da ɗakin ƙarƙashin ƙasa, ta nan bututun ke shigowa, sannan ya bi ta bangayen tsakiyar gida inda ɗumi yake.

A kudancin Texas kuwa ƙasa ba ta cika daskarewa ba, don haka zurfin da bai wuce taku ɗaya ko biyu ba kan wadatar. Ana kafa gidaje ne a kan daɓen siminti, kuma hanya mafi sauƙi da arha ga magini ita ce ya bi da bututan ta sararin da ke tsakanin silin da rufi, ko ta bangon waje, ko ta garejin mota. A gidaje da dama a Houston har tankin dafa ruwa ma a can saman silin ake ajiye shi. Shekara da shekaru wannan tsari bai dami kowa ba, domin abin da magidanci ke tunani shi ne yadda zai tsira daga zafin watan Agusta.

Akwai ma wani abu mai kama da almara. Idan mai gida ya shimfiɗa abin tare zafi a kan silin domin ya rage kuɗin wuta, ɗumin ɗakuna ba zai ƙara hawa sama ba, saboda haka bututun da aka bari a samansa tsirara zai fi daskarewa da wuri. A Birtaniya, inda tsofaffin gidaje da yawa ke da tankin ruwa a ƙarƙashin rufi, kamfanonin ruwa sun daɗe suna jan hankalin jama'a kan wannan.

Matakan kariyar da hukumomi da ƙungiyar agaji ta Red Cross ke bayarwa ba su da wuya, kuma yawancinsu ba su da tsada. Ana naɗe bututan da ke fili da soso na musamman, ko da tsumma da jarida idan abin ya zo da gaggawa. Ana cire tiyon ban-ruwa daga famfon waje a rufe kan famfon. Ana buɗe ƙofofin kabad ɗin da ke ƙarƙashin wurin wanke-wanke domin ɗumin ɗaki ya isa ga bututu. Wanda zai yi tafiya kuma, kamar baƙi da ɗalibai masu komawa ƙasashensu hutun ƙarshen shekara, ana gargaɗinsa da kada ya kashe na'urar ɗumama gida don tsimin kuɗi, ya bar ta a kan aƙalla digiri 13.

Idan kuma bututun ya riga ya daskare, shawarar ita ce a buɗe famfon, a riƙa ɗumama wurin sannu a hankali da na'urar busar da gashi ko tawul mai ɗumi. Jami'an kashe gobara kan nanata cewa kada a kusanto da harshen wuta, domin kusan kowane hunturu sai an sami gidajen da suka ƙone ta wannan hanya.

Sai dai duk wanda ya dubi waɗannan shawarwari da kyau zai ga cewa kusan dukkansu sun dogara ne da abu guda, wato a ce akwai ɗumi a cikin gidan. Soso ba ya samar da zafi, jinkirta hucewa kawai yake yi. Buɗe kabad ba shi da amfani idan ɗakin girkin kansa ya yi sanyin firji. Wayar lantarkin da ake naɗawa a jikin bututu domin ɗumama shi, da na'urar busar da gashi, duk sai da wuta. Hatta na'urar ɗumama gida mai amfani da gas tana buƙatar lantarki kafin fankarta ta juya. Da wuta ta ɗauke na kwana biyu ko uku a Texas, magidancin da ya bi ƙa'ida da wanda bai bi ba sun kusa zama ɗaya.

A irin wannan hali abin da ya rage shi ne a tari ruwa a bokitai da bahon wanka, a rufe babban makullin da ke shigo da ruwa gidan, sannan a buɗe dukkan famfuna har bututan su tsiyaye. Bututun da babu ruwa a cikinsa ba ya fashewa. Amma an sami mutane da yawa da ba su san inda makullin yake ba, wasu kuma sun same shi a bakin titi cikin ramin mita, yana buƙatar wani ƙarfe na musamman da ba su da shi.

A bar famfo ya ɗiga, ko a rufe?

A nan ne maslahar gida da ta gari suka yi karo, kuma wannan shi ne ɓangaren da har yanzu ba a gama warware shi ba.

Kafin guguwar ta iso, an shawarci mazauna Austin da su bar famfunansu suna ɗiga. Ranar Laraba 17 ga wata sai hukumar ruwan birnin ta juya, ta roƙi jama'a da su daina. A lokacin, ruwan da ke fita daga rumbunan birnin ya ninka abin da aka saba fiye da sau biyu, wani ta famfunan da aka bari a buɗe, mafi yawa kuma ta bututan da suka riga suka fashe. Hukumomin birnin sun ce an yi asarar galan miliyan 325, wato fiye da lita biliyan 1.2. A wannan ranar ce kuma wuta ta ɗauke a matatar Ullrich, mafi girma a birnin, aka umarci kowa da kowa ya tafasa ruwa. Ba a janye umarnin gaba ɗaya ba sai ranar 23 ga wata.

Dalilin tafasawar shi ne, ƙarfin ruwan da ke cikin bututun gari shi ke hana ƙazanta shiga. Muddin ruwa na turawa daga ciki, ko akwai tsaga, waje zai riƙa fita. Da zarar ƙarfin ya faɗi, ruwan ƙasa da duk abin da ke cikinsa na iya kutsawa. Don haka dokar jihar ta tilasta wa hukumomin ruwa su fitar da sanarwa idan ƙarfin ya sauka ƙasa da wani mataki, kuma ba za su janye ta ba sai an gwada ruwan a ɗakin bincike.

Illar ba ta tsaya ga ruwan sha ba. Wani asibiti a kudancin Austin ya rasa ruwa, tukunyar da ke ɗumama ginin ta tsaya, dole aka kwashe wasu marasa lafiya zuwa wasu wurare. A kusa da San Antonio, 'yan kwana-kwana sun tarar babu ruwa a famfunan kashe gobara na bakin titi lokacin da wani babban gidan haya ya kama da wuta, sai da tankoki suka riƙa jigilar ruwa.

Birnin Houston kuwa ya ɗauki matsayin da ya saɓa wa na sauran. Sashen ayyukansa yana gaya wa jama'a kada su bar famfo yana ɗiga, kuma ya maimaita hakan a lokutan sanyin da suka biyo baya. Hujjarsa ita ce, birane da yawa suna tara ruwa a manyan tankuna masu tsayi, nauyin ruwan ne ke tura shi zuwa gidaje, shi kuwa Houston ya dogara ne da injinan turawa da tankunan ƙasa. Idan gidaje da yawa suka buɗe famfo a lokaci guda, ƙarfin ruwan zai faɗi a ko'ina.

Matsalar ita ce a gefen birnin akwai unguwanni masu nasu hukumomin ruwan, wasunsu kuma suna cewa a bar shi ya ɗiga. Haka ma masu gyaran famfo da kamfanonin inshora suke faɗa. Magidancin da ke sauraron rediyo a daren sanyi zai ji shawarwari biyu masu karo da juna, kuma kowacce tana da gaskiyarta. Idan ya rufe famfo bututunsa ya fashe, shi zai biya kuɗin gyara, ba hukuma ba. Da wuya a zarge shi idan ya zaɓi ya ceci silin ɗinsa.

Darasin Ireland ta Arewa

Shekaru goma kafin abin da ya sami Texas, yankin Ireland ta Arewa a Birtaniya ya ga irinsa. A watan Disamban 2010 an yi sanyin da ba a taɓa aunawa ba a yankin, inda ya kai digiri 18.7 ƙasa da sifiri a garin Castlederg. Washegarin Kirsimeti sai yanayi ya sauya farat ɗaya, ƙanƙara ta narke.

Lokacin hutu ne, makarantu da shaguna da ofisoshi duk a rufe, ruwa ya yi ta kwarara a cikinsu ba mai gani. Rumbunan ruwa suka ƙafe, gidaje kusan 40,000 suka rasa ruwa, wasu fiye da mako guda. Sai da gwamnatin Scotland ta aika da ruwan kwalba, kuma a farkon watan Janairun 2011 shugaban kamfanin ruwan yankin, Laurence MacKenzie, ya yi murabus.

Jama'a da 'yan siyasa sun ɗora laifin a kan tsofaffin bututan kamfanin. Amma binciken hukumar da ke sa ido kan kamfanonin ruwa da wuta ya gano cewa kimanin kashi 80 cikin 100 na ƙarin ruwan da ya zube, ya fita ne ta bututan da ke cikin gidaje da wuraren kasuwanci. An soki kamfanin ne musamman kan rashin shiri da kuma gazawa wajen sanar da jama'a halin da ake ciki.

An sake ganin haka a Ingila da Wales a watan Maris na 2018, bayan wata iska mai sanyi da ta taso daga Saberiya. Hukumar Ofwat ta ce gidaje da wuraren kasuwanci fiye da 200,000 ne suka rasa ruwa na sama da sa'o'i huɗu bayan ƙanƙara ta narke.

Wannan na nufin cewa kamfanin ruwa zai iya kashe biliyoyi wajen sabunta manyan bututansa, amma raunin tsarin ya kasance a wurin da ba shi da iko a kai. A bisa doka, a Amurka da Birtaniya, alhakin kamfani kan ƙare ne a mita ko a iyakar fili. Daga nan zuwa cikin gida na mai gida ne.

Wa ke ɗaukar asarar?

Hukumar inshora ta Texas ta ce an shigar da buƙatun biyan diyya fiye da 500,000 sakamakon guguwar ta 2021, kuma kuɗin ya haura dala biliyan 10. Reshen babban bankin Amurka da ke Dallas ya ƙiyasta cewa asarar da tattalin arzikin jihar ya yi gaba ɗaya ta kai tsakanin dala biliyan 80 zuwa 130.

Waɗannan alƙaluma na inshora sun shafi masu inshorar ne kawai. Ko su ɗin ma, yarjejeniyar kan biya ɓarnar da ruwa ya yi wa bango da kayan ɗaki, amma ba lallai ta biya kuɗin gyaran bututun kansa ba, kuma kamfani na iya ƙin biya idan ya tabbatar cewa an bar gidan babu ɗumi da gangan.

Waɗanda suka fi shan wuya su ne 'yan haya, musamman a manyan gidaje masu ɗakuna da yawa. Ɗan haya ba shi da ikon naɗe bututun da ke cikin bango, sau da yawa ma ba ya iya kaiwa ga makullin ruwan. Idan bututu ya fashe a hawa na uku, wanda ke hawa na ɗaya ne ruwa zai cika wa ɗaki. Idan mai ginin ya rufe ruwa domin gyara, kowa ya rasa. Makonni bayan hukumomi sun ce ruwa ya dawo, akwai gidajen haya a Houston da Austin da Dallas da mazaunansu ke ci gaba da ɗibar ruwa a jarka, saboda ba a sami mai gyara ko kayan gyara ba.

Ƙarancin masu gyaran famfo ya kai ga Gwamna Greg Abbott ya sassauta ƙa'idoji, aka bai wa masu sana'ar daga wasu jihohi izinin wucin gadi. Abin mamaki shi ne a 2019 majalisar dokokin jihar ta tashi ba tare da sabunta wa'adin hukumar da ke ba su lasisi ba, sai da gwamnan ya yi amfani da ikonsa ya tsawaita shi.

A birnin Jackson, babban birnin jihar Mississippi, wanda fiye da kashi 80 cikin 100 na mazaunansa baƙaƙen fata ne, kuma talauci ya yi yawa, guguwar ta 2021 ta bar unguwanni da dama babu ruwa na makonni, an kuma shafe kusan wata guda ana tafasa ruwa. A ƙarshen 2022 wata kotun tarayya ta naɗa wani jami'i daga waje ya karɓi ragamar harkar ruwan birnin, majalisar dokokin ƙasar kuma ta ware dala miliyan 600 domin gyara. Duk da haka, a makon Kirsimetin wannan shekarar sanyi ya sake fasa bututai, famfuna suka sake ƙafewa.

Me aka gyara?

Wasu 'yan siyasa a Texas sun bayyana sanyin 2021 a matsayin abin da ba wanda zai iya hangowa. Tarihi bai goyi bayansu ba. An yi sanyi makamancinsa a watan Disamban 1983 da na 1989. A watan Fabrairun 2011 ma an yanke wa miliyoyin mutane wuta saboda daskarewar tashoshi, hukumomin tarayya suka ba da shawarar a killace su daga sanyi, amma ba a mayar da shawarar doka ba. Abin da ya sauya shi ne yawan jama'a, daga kimanin miliyan 17 a 1990 zuwa miliyan 29 a 2020, kuma da yawa daga cikin sababbin gidajen an gina su ne bisa tsohon tsarin nan.

Masana na ci gaba da muhawara kan rawar da sauyin yanayi ke takawa. Wasu na ganin cewa ɗumamar yankin ƙanƙara na arewacin duniya tana raunana iskar da ke killace sanyi a can, har ya riƙa ɓallowa kudu. Wasu kuma na cewa hujjar ba ta yi ƙarfi ba, suna nuni da cewa a dunƙule ranakun tsananin sanyi raguwa suke yi. Ga mai gida dai sakamakon kusan ɗaya ne. Sanyin da ke zuwa sau ɗaya a shekara goma ko ashirin ya fi wanda ake gani kullum haɗari, domin kafin ya dawo an manta da shi, gidan ma wataƙila ya sauya hannu.

A watan Yunin 2021 Gwamna Abbott ya sa hannu kan dokar da ta tilasta wa tashoshin wuta su yi shirin hunturu, tare da tarar da za ta iya kaiwa dala miliyan ɗaya ga wanda ya saɓa. Dokar ta kuma buƙaci hukumomin ruwa su tanadi hanyar ci gaba da tura ruwa idan wuta ta ɗauke na tsawon lokaci. A lokacin sanyin watan Disamban 2022 da na Janairun 2024, tsarin wutar jihar bai durƙushe ba, ko da yake babu ɗayansu da ya kai na 2021 tsawo.

Ta fuskar gidaje kuwa sauyin bai taka kara ya karya ba. Ƙa'idojin gini sun fi shafar sababbin gidaje, kuma a Texas birane ne ke da alhakin aiwatar da su. Babu wata doka da ta tilasta wa mai tsohon gida ya sauke bututansa daga saman silin. Waɗanda suka yi gyara bayan 2021 da dama sun maye gurbin bututun jan ƙarfe da na roba mai laushi da ake kira PEX, wanda ke iya buɗewa kaɗan idan ruwa ya daskare a cikinsa, ko da yake mahaɗansa na iya tsagewa. Masu hali sun sayi janareta, wasu kuma sun saka na'urar da ke rufe ruwa da kanta idan ta ji yoyo. Duk waɗannan sai mai kuɗi, kuma sai mai gidan kansa.

Wasu hukumomin ruwa sun koma raba wa jama'a murfin famfon waje da ƙarfen rufe mita kyauta kafin hunturu, suna kuma koya musu inda makullin gidansu yake. Idan aka yi la'akari da abin da binciken Ireland ta Arewa ya gano, wannan ɗan ƙaramin aiki na iya fin wasu manyan kwangiloli amfani, domin kowane gidan da aka rufe ruwansa cikin minti biyar maimakon sa'a biyar, ragi ne ga abin da rumbun gari zai yi asara.

A watan Janairun 2024 sanyi ya sauka a birnin Memphis na jihar Tennessee. Wuta ba ta ɗauke ba kamar yadda ta yi a Texas, amma duk da haka sai da aka umarci mutane fiye da 600,000 su tafasa ruwa na tsawon kwanaki. Ma'aikatan kamfanin ruwan birnin sun gyara gomman manyan bututai a kan tituna, yayin da wuraren yoyon da suka gano a cikin gidaje da shaguna suka kai dubbai.